Daga Jere zuwa Gidan Nuni: Tarihin Adon Ɗaki a Zangunan Birnin Akra

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin Hausawa mazauna ƙasashen waje sun fi mayar da hankali a kan fatauci da malanta da sarauta. Ba kasafai suke leƙa cikin ɗaki ba, alhali kuwa ɗaki ma yana ɗauke da nasa tarihin. Irin gadon da aka kafa, da kwanukan da aka jera, da hoton da aka rataya a bango, duk suna ba da labarin zamanin da aka saye su da hannun da ya biya kuɗinsu.

Wannan takarda za ta bi diddigin yadda adon ɗaki ya riƙa sauyawa a zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, musamman Nima da Mamobi, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau. Daga nan za a kwatanta shi da wani sabon nau'in ado da ya shigo birnin tare da dogayen benayen zamani, wato adon gidan nuni. Manufar takardar ita ce nuna cewa kowane tsarin ado yana tafiya da irin iyalin da aka yi shi dominsa. Saboda haka duk mai niyyar sake gina unguwa irin Nima, tilas ya fara sanin abin da ɗakunanta suke faɗa.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Zango a asali wuri ne da ayarin fatake yake yada kaya ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A Gana kalmar ta koma zongo a bakin jama'a, ma'anarta kuma ta faɗaɗa, ta zama unguwar baƙi Musulmi a cikin gari. Mazauna zango ba duka Hausawa ba ne. Akwai Fulani da Zabarmawa da Yarbawa da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Kotokoli da sauransu, sai dai Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da masallaci da tsakar gida.

Jere ya samo asali daga aikatau jera. Yana nufin shirya kayan amarya a ɗakinta, yana kuma nufin su kansu kayan da aka shirya. Gidan nuni kuwa sashe ɗaya ne da kamfanin gine-gine yake warewa a cikin sabon bene mai sassa da yawa, ya zuba masa kujeru da gadaje da labulaye, domin mai son saye ya shiga ya ga yadda nasa sashen zai kasance. Irin wannan sashe shi ake kira filat. Kowane filat da mai shi, amma matakala da farfajiya da tankin ruwa na kowa da kowa ne.

3.0 Kafuwar Zangunan Akra

Cinikin goro ne ya fara kai Hausawa ƙasar da ake kira Gana a yau. Fatake daga Kano da Katsina sukan yi watanni a hanya zuwa Gwanja, inda kasuwar Salaga take, su sayar da kanwa da tufafi da fatu, su sayo goron ƙasar Ashanti. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, hanyoyin ciniki suka fara karkata zuwa bakin teku, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa watsa kasuwar. A tsakanin waɗannan shekaru, a 1877, Turawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu daga Kef Kos zuwa Akra, garin da fatake suke kira Ankara. Akwai kuma Hausawan da aikin soja ya kawo, waɗanda Kyaftin Glover ya ɗebo daga Legas domin yaƙin Ashanti.

Zango na farko a tsakiyar Akra shi ne Zangon Malam, wanda ake danganta kafuwarsa da Malam Idris Naino. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa, sai ɗansa Malam Baƙo ya nemi fili daga sarakunan ƙabilar Ga, ya kafa Sabon Zango wajen 1910. Deborah Pellow ta yi cikakken nazari a kan wannan unguwa a littafinta na 2002.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai harkar shanu, ya sami izinin zama a filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Wasu suna cewa sunan unguwar daga kalmar ni'ima ya fito, wasu kuma suna mayar da shi ga harshen Ga. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka suka yi sansani a wajen filin jirgin saman Akra, sai masu neman aikin gadi da kuku da wanki da leburanci suka kwararo Nima domin kusancinta da wurin. Mamobi ta bunƙasa a gefenta ta wannan hanya. A waɗannan shekaru unguwar tana wajen iyakar hukumar gari, don haka aka yi ta gini ba tare da an fitar da tituna ko magudanun ruwa ba. Wannan shi ne asalin lungunan da aka san Nima da su.

4.0 Fasalin Gidan Zango

Gidan Bahaushe na gargajiya yana da matakai. Baƙo namiji yakan tsaya a zaure, na kusa yakan wuce shigifa, cikin gida kuwa na mata ne da muharramansu. Malaman da suka kafa Sabon Zango sun zo da wannan fasali, har ma wasu tsofaffin gidajen unguwar an gina su da zaure.

Amma zaure a zango ya wuce wurin hira. Maigida a harkar goro da shanu shi ne mai saukar da baƙin fatake, ya ciyar da su, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu a wajen masu saye. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a Kumasi, Abner Cohen kuma ya bayyana shi a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Ke nan gida jari ne, yawan ɗakunan baƙi kuma shi ne ma'aunin ƙarfin maigida.

Da jama'a suka ƙaru, sai ɗakin baƙo ya koma ɗakin haya. Aka riƙa cin tsakar gida da sababbin ɗakuna, zaure ya zama shago ko makarantar allo. A Nima da Mamobi gidan haya mai ɗakuna jere kewaye da tsakar gida ɗaya shi ne ya fi yawa. Iyali guda sukan zauna a ɗaki ɗaya, mai ɗan hali kuma ya kama ciki da falo, abin da mutanen Gana suke kira cemba an hol. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida, amma abin da aka saba gani a Akra shi ne mai gida ya nemi na shekara ɗaya ko biyu. Sai mai karatu ya riƙe wannan ƙuncin wuri a zuciyarsa, domin shi ne ya tsara yadda ake ado a zango: abin da ba shi da wuri a ƙasa, sai a ɗora shi sama.

5.0 Matakan Adon Ɗaki

5.1 Zamanin Ƙwarya da Tasa

A al'adar Hausawa miji ne yake samar da ɗaki da lefe, iyayen amarya kuma su cika ɗakin. Uba yakan ɗauki nauyin gado da shimfiɗa, uwa kuma ta tara kayan jere tun yarinya tana ƙarama. Ranar jere 'yan'uwa mata ne suke zuwa su share ɗaki, su kafa gado, su shirya kaya. A da can kayan su ne ƙore masu zane, da akusa, da tukwane, da faifai, da tabarmi, da adudun ajiye tufafi. 'Yar masu arziki takan sami tasoshin tagulla. Akan rataye ƙore a ragaya, ko a jera su daga babba zuwa ƙarama a jikin bango.

Abin lura shi ne kayan nan mallakar matar ne. Idan aure ya mutu da su take fita, idan kuma wata lalura ta taso tana iya cire ɗaya ta sayar. Wani ɓangare na jeren kuma gudummawa ce daga ƙawayen uwa da dangi, wadda za a rama ranar da bikin tasu 'yar ya zo. Saboda haka mace mai shiga ganin ɗaki tana karanta abu biyu a lokaci guda: ƙarfin gidan su amarya, da yawan jama'ar uwarta.

5.2 Zamanin Kwano da Gadon Ƙarfe

Zama a bakin teku ya sa matan zangon Akra sun riga 'yan'uwansu na ƙasar Hausa ganin kayan kanti. Kamfanonin Turawa irin su UAC, wanda aka kafa a 1929, da UTC, sun riƙa shigo da kwanuka masu fenti da furanni, da farko daga Turai, daga baya kuma daga gabashin Asiya. Langa da samira da fanteka suka ture ƙwarya daga bango. Kwano ya fi ƙwarya ƙarko, yana da ƙyalli, ana kuma sayensa saiti-saiti, don haka ya dace da mai tarawa sannu a hankali da kuɗin adashi.

A ɗaki ɗaya da ake kwana a ci abinci a karɓi baƙi, jeren kwano yakan tashi daga kan teburi ko kabad har ya kusa taɓa rufi. Gadon ƙarfe mai rumfa ya zama sarkin ɗaki, a ɗora masa katifa da matasai masu aikin allura, a ƙarƙashinsa kuma a tura akwatuna da manyan tukwane. Labule ne yake raba ɗakin biyu. Bayan an kafa masaƙun GTP da na Akosombo a shekarun 1960, atamfar gida ta shiga cikin akwatin lefe tare da ta Holan.

Wannan zamani ya gamu da babbar girgiza. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mazauna zanguna, har da waɗanda aka haifa a Gana, suka tashi zuwa Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe. An sayar da gidaje da gadaje da kabad a wulaƙance, domin mota ba ta ɗaukar su. Hausawa suna cewa in ɗaki ya tashi ragaya ba ta zama. Amma a wannan karon an ga amfanin dukiyar da ake iya ɗaurewa a zane: kwano yana shiga cikin kwano, atamfa tana naɗuwa, zinari kuma yana shiga lalita.

5.3 Zamanin Gilashi da Lantarki

Daga shekarun 1970 zuwa 1990 kabad mai ƙofar gilashi ya karɓi jere. Tangaran da kofuna da kuloli suka shiga gaba, kwano ya koma baya ko ya fita tsakar gida wajen aiki. Ledar ƙasa da kafet suka rufe siminti. Gidan talabijin na Gana ya fara aiki a 1965, a hankali akwatin talabijin ya zama abin da kujeru suke fuskanta, daga baya bidiyo ta zo da finafinan Indiya da na Kano, inda matan zango suke ganin yayin ɗakunan ƙasar Hausa.

Matsin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 ya tura samarin zango neman kuɗi a Nijeriya da Libiya da Saudiyya da Jamus da Amurka. Mutanen Gana suna kiran wanda ya dawo daga Turai boga, kalmar da ake cewa daga sunan birnin Hambog ta fito. Kuɗin da waɗannan matafiya suke aikowa su ne suka sa tayil a ɗakuna da yawa, suka sayi firji da kujerun kushin, suka ɗora bene a kan tsohon gini. Bango kuma yana da nasa ado: hoton Ka'aba da Masallacin Madina, da agogo ko darduma tsarabar aikin Hajji, a gidajen 'yan Tijjaniyya kuma hoton Shehu Ibrahim Inyas.

6.0 Shigowar Gidan Nuni

A zamanin Kwame Nkrumah gwamnati ce babbar mai gina rukunin gidaje, kamar waɗanda aka yi a Tema da Kanda. Bayan shirin gyaran tattalin arziki da aka fara a 1983, gwamnati ta ja baya, 'yan kasuwa suka shigo, har suka kafa ƙungiyarsu mai suna GREDA a 1988. Daga shekarun 2000, musamman bayan gano man fetur a teku a 2007, dogayen benaye suka fara tashi a Rij da Kantonmen da unguwannin kusa da filin jirgin sama. Rukunin Villaggio Vista da ke kusa da mahaɗar titunan Tetteh Quarshie yana daga cikin fitattunsu. Waɗannan unguwanni maƙwabtan Nima da Mamobi ne. Yawanci da dalar Amurka ake faɗin farashin irin waɗannan gidaje, kuma akan fara sayar da su tun gini bai ƙare ba. Wannan ne ya sa ake buƙatar gidan nuni, domin gani ya kori ji.

Mai shirya gidan nuni yana da dabaru sanannu. Yakan rage kaya domin ɗaki ya yi kamar ya fi girmansa. Yakan zaɓi fenti mai haske da manyan madubai, ya buɗe labule rana ta shigo. Ba ya rataya hoton kowa, ba ya sa alamar wani addini, domin kowane mai saye ya iya ganin kansa a ciki. Madafa a haɗe take da falo ba bango tsakani, teburin cin abinci kuma yana da kujeru huɗu ko shida. Idan ana son a nuna cewa a Gana ake, sai a sa matashi mai ɗinkin kente ko kwandon Bolgatanga a kusurwa.

7.0 Kwatanci Tsakanin Jere da Gidan Nuni

Jere da gidan nuni sun yi tarayya a abu ɗaya, wato dukansu an shirya su ne domin idon mai shigowa. Kwanukan saman jere ba a cin abinci da su, kamar yadda ba mai kwana a gadon gidan nuni. Bayan wannan sai bambanci. Jere yana alfahari da cika, gidan nuni yana alfahari da sarari. Jere dangi ne suke haɗa shi, kuma na matar ne. Gidan nuni ma'aikacin kamfani ne yake shirya shi, ranar da aka sayar da filat na ƙarshe sai a kwashe kayan.

Babban bambancin yana wajen iyalin da kowanne yake zato. Filat an zana shi ne domin miji da mata da 'ya'ya biyu ko uku, masu fita aiki da safe su dawo da dare. Gidan zango kuwa wurin sana'a ne. A tsakar gida ake dama koko, a soya ƙosai, a dafa shinkafa da wake a manyan tukwane kafin a fitar bakin titi. Shaidar wannan sana'a tana cikin harsunan Gana, inda koose da waakye da tuo zaafi duk daga Hausa aka aro su. A nan ake ɗaure ragon layya, a yi taron suna, a yi zaman makoki, a saukar da baƙon da ya zo daga Arewa ba da sanarwa ba. A bene mai hawa goma babu wurin murhu, dokokin mazauna kan taƙaita sana'a da kiwo, ga kuma kuɗin kula da gini da ake biya lokaci-lokaci. Madafar da ba ta da bango tana kai idon baƙo namiji har inda uwargida take aiki, abin da aka yi zaure domin a hana.

Wannan ba ya nufin gidan zango ba shi da aibi. Gidaje da yawa a Nima da Mamobi ba su da bayan gida, sai mazauna su bi layi a na kuɗi. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, babban kwatamin da ya ratsa unguwannin yakan cika da shara, motar kashe gobara kuma ba ta shiga lungu. Matasan zango masu sha'awar filat suna da hujja, kuma adon gidan nuni ya riga ya shiga ɗakunan amaren yanzu, inda ake rage jere a sa talabijin na bango da kujera mai kusurwa.

Maganar ta wuce ta ado tun da gwamnati ta sa baki. A 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikatar raya zanguna da asusun raya su, a 2019 kuma ta bayyana niyyar sake gina Nima da Mamobi da benayen zamani, tare da alkawarin ba za a kori mazauna ba. Har ya sauka daga mulki a watan Janairu na 2025 ba a yi ginin ba. Amma filin yana tsakiyar birni, a yankin Babbar Akra da ƙidayar 2021 ta nuna yana da mutane fiye da miliyan 5, don haka batun zai sake tasowa. Idan ya taso, akwai tambayoyin da gidan nuni ba ya amsawa. Gidan gado mai magada ashirin filat nawa zai samu? Ina makomar 'yan haya, waɗanda ba su da takardar fili? A ina mai koko za ta hura wuta?

8.0 Kammalawa

An ga yadda adon ɗaki a zangunan Akra ya tashi daga ƙwarya zuwa kwano, daga kwano zuwa gilashi da kayan lantarki. A duk waɗannan matakai kayan ne suka sauya, aikin jere bai sauya ba: ajiyar mace ne, kuma shaidar zumuncin danginta. Mutanen zango ba su taɓa ƙin sabon abu ba, sukan karɓe shi su ba shi wuri a cikin tsarinsu. Gidan nuni ya bambanta da kayan da suka gabace shi domin fasalin gidan gaba ɗaya yake sauyawa. Idan masu zanen gidaje suna son benayen da mutanen Nima za su iya zama a ciki, ya kamata gidan nunin da za su fara shiryawa ya ƙunshi wurin karɓar baƙo dabam da cikin gida, da madafa mai ƙofa, da farfajiyar girki da taro, da bangon da zai ɗauki jere.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Bayyana yadda ma'anar kalmar zango ta faɗaɗa a Gana, ka kawo wata kalmar Hausa da ma'anarta ta faɗaɗa ta irin wannan hanya.

2. Ware kalmomin aro guda goma na kayan ɗaki da suka zo a wannan takarda, ka faɗi harshen da aka aro kowacce.

3. Tattauna da wata dattijuwa a kan kayan jerenta, ka kwatanta su da na amaryar wannan zamani a shafi biyu.